Alhajin da Ba a Ba Shi Ƙwallo a Kwana

Koya wa babba tanis wahala ce kawai. Yaro za ka daka masa tsawa ya ruga. Mai furfura kuwa sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka roƙe shi ya lanƙwasa gwiwa.

Daga Kurfi nake hawo babur zuwa wani tsohon filin siminti a Dutsin-Ma. Ban yi boko mai nisa ba, raket na sani. Ɗalibaina duk likita ne ya turo su.

Akwai wani Alhaji, dillalin hatsi, mai ciwon suga. An ce masa ko ya riƙa yin gumi ko wata rana a yanke ƙafa. Da ƙanensa yake zuwa, shi ma ya haura hamsin. In suna bugawa, ƙanen sai ya ɗora masa ƙwallo daidai hannu, a hankali, kamar mai miƙa goro. Sauran ɗaliban ma haka suke masa. Wa zai sa babba gudu a gaban mutane? Damina ta wuce Alhaji yana tsaye wuri ɗaya, ko hularsa ba ta taɓa karkacewa ba.

Na ce wa ƙanen, “Malam, ka riƙa ba shi a kwana.”

Ya ce, “Koci, Yaya ne fa. Kai za ka iya?”

Ran nan na karɓi raket ɗin na tsaya. Na buga can kwanar hagu. Alhaji ya bi ta da ido har ta daki wayar shinge.

“Wannan ta wa ce?”

“Taka ce, Alhaji.”

“To aiko ta nan.”

Na sake bugawa dama. Wannan karon ya bi, taku uku, takalmi ya kwashe shi, ya zauna daɓas. Kowa ya juya baya yana duban bishiya. Ya tashi da kansa, ya kaɗe riga. Na ga gumi a wuyansa, karon farko.

Da la'asar ƙanen ya kira ni. Ya ce Yaya ya gode, ya ce ya isa haka. Na tambayi ƙafar. Ya ce Allah na nan.

Ban ji komai a raina ba. Na ci tuwo na kwanta.

Washegari na share fili, na ɗaura raga. Ƙanen ya zo shi kaɗai. Na yi ta ba shi a kwana, hagu da dama, har ya je gindin waya ya amayar da kokon da ya sha.