Masarar da ke Rataye Bisa Murhu

Ɗana na fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma saba doguwar magana da shi ba. Shi ya sa ranar da ya ce dole 'yarsa ta bar jami'a na rasa ta inda zan kama shi.

Yarinyar tana karatun halittu a Samaru. Ya buɗe littafinta, ya ga zanen biri yana miƙewa har ya zama mutum, ya ce ba a gidansa ba. Jarrabawa saura kwana uku. Ta shigo ɗakina a Hanwa idanu jawur.

"Jikar biri, me kuma?" na ce.

"Kaka, ba haka aka ce ba. Cewa aka yi halitta tana sauyawa a hankali, wadda ta dace da wuri ita ke barin iri."

"Wannan ake hawa mota a je a koyo?"

Tun ina amarya, duk kaka nakan ware goyon masarar da ya fi cika, in ɗaure da ɓawonsa, in rataye bisa murhu hayaƙi ya kore ƙwari. Shi ne irin baɗi. Masarar da na gada wurin surukata ba ta fi tafin hannu ba. Ta yanzu ta kusa kamu ɗaya.

Bayan la'asar ya zo gaishe ni, ya durƙusa bakin ƙofa. Ban dube shi ba. Na sauko da goyo ɗaya, na miƙa wa yarinyar.

"Ki tambayi malaman gidan nan, wa ya halicci wannan?"

"Allah, Inna," ya amsa.

"Ki ce musu ba haka ya ba ni ita ba. Ni na yi ta zaɓe. Ko in je in tuba?"

"Inna, ke sababi ce kawai, Allah ne mai yi."

"Ki ji fa. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba an yarda ta zama sababi, amma rana da damina an hana su."

"Masara daban, mutum daban."

A nan ya fi ni gaskiya, ni ma birin bai kwanta mini ba. Amma na ce, "Ki gaya musu wanda aka yi ubansa da laka, ba shi da bakin raina dangin kowa. Yadda aka yi aikin kuwa, ni da su ba wanda yake wurin."

Ya daɗe yana murza gemu. Can ya ce ta je ta rubuta jarrabawar, amma in ta zo kan birin ta yi a'uziyya a zuci.

Ta rubuta, ta ci. Ni kuma na sa mata ido wata guda, in ga ko sallarta za ta ragu. Asuba ce kawai take makara, wannan kuwa tun kafin biri haka take.