Aljanun Kurmin Bayan Gari

Jiya a kasuwa na ji wata mata tana rantsuwa ta ga aljani, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi in an kawo masa irin wannan labari, cewa yake yi, "Aljanu akwai su, amma mu tai mu gani."

Daminarmu ta ƙarshe a ƙauyenmu da ke kusa da garin Isa, masu itace suka ce suna jin muryoyi a kurmi. Kowa ya ce mutanen ɓoye ne. Da hantsi Kawu ya yi addu'o'insa, na raka shi kurmin. Ƙasa na ƙamshin ruwa. Ya tsuguna ya shafa sawun taya, ya tsinci guntun sigari.

"Ɗana, wanga aljani babur gare shi."

Ya roƙi mutane a ƙofar masallaci a kwashe mata da dabbobi. Suka ce tsufa ne ya kama shi. Kafin gero ya nuna, 'yan bindiga suka shigo, Kawu na cikin waɗanda suka kashe. Waɗanda suka yi masa dariya su suka ɗauki makararsa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni Allah Ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban yafe wa masu dariyar ba.