Ɗanɗanon Ƙasar Kabarin Dakta Mahamudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Afrilun 2025, Allah Ya karɓi ran abokina Dakta Mahamudu, masanin ƙasar noma da makiyaya, a gidansa na unguwar Abbey Wood, can ƙasar Turawa.

Mahamudu, kai ne mutumin da ba ya wuce ƙasa sai ya ɗanɗana. A wurin shaƙatawa ko bakin masallaci, sai ka durƙusa da kwat ɗinka, ka ɗiba ka kai harshe. Na sha jin kunya saboda kai a gaban Turawa, kai kuwa ko a jikinka. Ka ƙarar da ƙuruciyarka a tsaunukan Mambilla kana auna gishirin da ke taruwa inda shanu ke lasar kanwa. Kakan ce ciyawa tana jure gishiri har wani mizani, in ya wuce sai ta daina fitowa, makiyayi ya kaɗa shanunsa ya yi gaba. Ruga nawa ka hana tashi saboda ka nuna musu inda za su riƙa ajiye kanwa?

In muna cikin jirgin ƙasa za mu unguwar Bloomsbury, kakan lumshe ido ka kai ni can: gajimare na bin ƙafafun shanu, ciyawa na kwanciya tana tashi, sanyi na ƙamshin nono. Ban taɓa zuwa Mambilla ba, amma har mafarkinta nake yi.

Ka so a binne ka a can, Allah bai nufa ba. Da za mu fita da kai, matarka Hamdatu ta tare ni a ƙofar gida, riƙe da ƙullin irin ciyawar da ka zo da shi daga tsaunin.

"Malam Lawal, na yi checking wurin masu kula da maƙabarta, sun ce za a iya shukawa a kan kabarin. Amma in ƙasar da gishiri, ba za ta fito ba. Don Allah ka ɗanɗana min, yadda Baban Zarah yake yi."

Bayan mun rufe ka, na durƙusa a gaban jama'a, na kai ƙasarka bakina. Sanyi gare ta da danƙo. Na jira gishiri ban ji ba, sai na hawayena. Na koma na ce mata ta shuka.

Allah Ya jiƙanka, Mahamudu, Ya sa makwancinka ya zama dausayin Aljanna. Allah Ya ba Hamdatu da 'yarku Zarah haƙuri, Ya saukar da ruwa a kan abin da suka shuka. Amin.