Karan Awon Baba

A gidanmu na Gulma akwai wani kara da yake rataye a ɗakin Baba, santsi ya kama shi saboda yawan taɓawa. Da shi yake auna kyauro in zai yi kibiya. Bayan rasuwarsa karan ya koma hannun yayana, ni kuma na gaji aikin yankan, domin ni na fi zama kusa da tsohon yana yi.

Shekarar da gyado ya addabi shinkafarmu a fadama, Yaya ya zo har Badariya inda nake zaune, da bakansa da kwarinsa da damin kyauro da kawunan kibau goma daga maƙera. Ya ajiye karan a kan tabarma.

"Ka yanka mini daidai wanga," in ji shi. "Jibi za a shafa dafi."

Na dubi karan, na dubi hannunsa. Yaya dogo ne, in ya ja tsirkiya har bayan kunne yake kai ta. Kibiyar da ta yi wa mutum tsawo ba ta da illa sosai. Wadda ta gaza ita ce matsala: in ya ja baka, ƙarfen zai shigo ya karce hannun da ke riƙe da itacen. In da dafi a jiki, daga fadama zuwa gari tafiya ce mai nisa.

"Yaya, bari in auna ka tukuna."

"Ka auna ni? Ni yadi ne? Tun da ka shiga ajin manya komai sai ka auna."

"Wannan ba a aji na koya ba."

"Da wanga kara Baba ya kashe abin da ba ka taɓa gani ba. Mi ka fi shi sani?"

Ban yi musu ba. Na zaɓi kyauro guda miƙaƙƙe, na yanka shi daidai karan, na bar gaɓa a gindi don kada tsagar tsirkiya ta wuce. Na kafa ƙarfen, na naɗe da jijiya. Da ta bushe na miƙa masa, na ce ya gwada a jikin bango tun babu dafi.

Ya tashi ya ja yadda ya saba. Bai kai kunne ba, kunnen kibiyar ya sauka a kan babban yatsansa. Jini ya ɗan fito. Ya sassauta tsirkiyar a hankali, ya tsaya yana kallon wurin.

"Kai ka rage shi," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

Na ɗauko karan na juya masa bakin. Duk jikinsa baƙi ne, bakin nan kuwa fari-fari, sawun wuƙa bai tsufa ba. Ina wurin ranar da Baba ya datse shi. Kafaɗa ta fara yi masa ciwo, ba ya iya jan baka kamar da, sai ya sake auna kansa, ya rage yatsa huɗu. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba sai ranar.

Yaya ya daɗe yana shafa bakin karan. Sannan ya ɗauki bakan, ya ce in zo in yi abin da zan yi.

Na ba shi dogon kyauro marar kai, ya ja sau uku. Kowane ja ina sa alamar gawayi a inda ya wuce yatsansa. Na ɗauki mafi nisa, na ƙara yatsa biyu, na yanka. Sauran tara a jikin wannan kyauron na gwada su.

Da zai tafi ya zuba su a kwari, ya sa karan Baba a hammata. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya ce in yanka masa guda marar kai, shi ma ya rataye a ɗaki.