Uba Aka Kira Ni, Aka Tashe Ni Daga Tabarma

Lokacin da abin nan ya same ni, ni tela ne a Sule Tankarkar, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Ina da rumfa a bakin kasuwa, da baƙin keke na ƙafa, da hannun da ya iya wuyan riga. Ba ni da arziki, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba, ko a shekarun farin nan da gero ya yi wuyar gani. Ni mutum ne mai son abu ya tafi yadda na tsara shi, ko maɓalli ne ya karkace sai na farke na sake. Yanzu ido ya yi rauni, keken ma na ba da shi, amma akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun wancan zamani, shi nake so in amayar a wannan fili. Ba zan kama sunan kowa ba, galibinsu ƙasa ta rufe musu ido.

Matata bazawara na aure ta, 'yar Gagarawa, ta zo gidana da yarinya wadda aka yaye ba da daɗewa ba. Mahaifin yarinyar ya saki uwar, ya tafi cin rani kudu, can ya rasu. Yana da ƙane a Gagarawa, dillalin dabbobi, wanda shi ne baffan yarinyar. Wallahi tun da aka kawo ta, mutumin nan bai taɓa tako ƙofata ba. Ta yi ƙyanda har muka fid da rai, bai zo ba. Aka yi fari, ko mudun gero bai aiko ba, balle sabulu ko ɗankwalin Salla. Ni kuwa Allah bai bar mini haihuwa mai rai ba, sai ta zama ita ce tawa. A gindin kekena ta girma tana tsintar ƙyallaye tana ɗinka wa 'yar tsanarta zane. Ta san ba ni na haife ta ba, garin ma kowa ya sani, amma duk wanda ya kuskura ya ce mata agola, ranar sai an raba ni da shi.

Da ta isa aure, sai ta daidaita da wani yaro mai gyaran kekunan hawa a Maigatari, mai hankali, iyayensa suna tsallaken iyaka, wajen Magarya. Suka aiko, na yi bincike, na amsa. Tun daga ranar abu guda ya zauna mini a rai: ni zan ba da aurenta da bakina. Ba na son komai a cikin sadakin, ba na son a yabe ni. Ina so dai ranar da za a tambayi mai yarinya a gaban jama'a, muryata ce za a ji. Na kuma san in aka ɗaura a ƙofar gidana kamar yadda aka saba, labari zai kai Gagarawa kafin goro ya bushe, baffan ya yafo riga ya zo ya zauna a wurin da bai yi wa wahala ba.

Sai na kawo shawarar a kai ɗaurin auren Maigatari. Na ce wa dangin ango ina tausaya musu ne, kada tsofaffinsu su sha doguwar hanya bayan sun gama da 'yan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka. Suka yi ta sa mini albarka. Na ari ƙofar gidan wani aminina mai sayar da yadi, inda nake sauka in na je sari. Matata ba ta so ba. Ta ce ba ta taɓa jin inda aka ɗauki auren budurwa aka kai shi wani gari ba alhali gidansu na nan, ta kuma roƙe ni in aika wa baffan da goro ko don fita hakki. Na ce mata zai ci goronsa bayan an shafa Fatiha.

Aminin nawa ya haɗa ni da limamin unguwarsu, dattijo mai taushin murya, wanda in yana magana sai ka ji kamar duk matsalar duniya ta ƙare. Ban ɓoye masa komai ba. Na zauna a zaurensa na warware masa tun daga ranar da aka kawo yarinyar. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce a shari'a wanda ya riƙi yarinya ya raine ta yana da hurumin waliccinta, in baffa ba ya kusa kuma aure ya ɗauru babu shakka. Kai, ranar ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Daga nan na riƙa yi masa sintiri, duk lokacin da na shiga Maigatari sai na biya, muna tsara yadda ranar za ta kasance. Inda za a shimfiɗa tabarmar manya, inda baƙin Nijar za su zauna a inuwa, wanda zai raba goro, addu'ar da nake so a yi wa uwar yarinya bayan ta ango da amarya. Na roƙe shi kada ya yi tambayar nan da aka saba jefawa cikin taro, ta ina waliyyin yarinya, ya dube ni kawai ya kira ni mu yi sigar ɗaurin auren. Ya yarda. Na ce a ja wa sanƙira kunne, in zai yi shela ya jingina ta da gidana. Ya ce wannan mai sauƙi ne.

Wuri ɗaya muka yi ja-in-ja. Na so ya kira ni mahaifin yarinya, ya ce a'a, wannan kalma ba zai iya furta ta a zaman da ake kiran sunan Allah ba, don mahaifi ɗaya ne. Amma uba, in ji shi, wannan babu mai ƙwace mini, kuma da ita zai kira ni a gaban kowa. Ya ɗan taɓa mini cewa a al'ada uba kan yi kara, ya wakilta wani ɗan'uwa ya ba da 'yarsa. Na ce masa ni ba ni da wa, ba ni da ƙane, kunyar nan kuma na yafe ta. Ya yi murmushi ya ce shi ke nan. Don murna na ɗinka masa babbar riga fara, na zauna na yi mata aiki da hannuna, ban karɓi ko sisinsa ba.

Sai zancen rana. A wancan zamani mota ba ta samuwa daga garinmu zuwa Maigatari yadda mutum yake so sai ranar Alhamis, ranar kasuwa. Don haka na sa Alhamis, bayan Azahar, don mutanena su hau motar kasuwa su zo su koma. Duk dabarar da na ƙulla, ban tsaya na tambayi kaina ina dillalin dabbobi yake wuni ranar kasuwar Maigatari ba.

Ranar ta zo, taro ya yi kyau, har ya fi yadda na zata. Baƙin Nijar sun iso da rawunansu, mutanen garinmu sun cika inuwar, liman ya fito cikin rigar da na ɗinka. Na zauna a damansa, wakilin ango a hagunsa, ƙwaryar goro a tsakiya. An fara salati ke nan sai na ji sallama daga baya. Mutum ne dogo, igiyar akuya a rataye a kafaɗarsa, ƙafafunsa fururu, da wasu mutanen Gagarawa a bayansa. Ashe wani ɗan garinmu ne ya haɗu da shi wajen raguna, ya yi masa murnar auren 'yarsa, yana zaton ya sani. Ya ratso mutane ya durƙusa gaban liman, ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne da ƙarfin da na bayan taro ma sun ji. Ya ce shi bai zo ɓata abin alheri ba, ya dai ji ana ɗaura auren 'yar wansa, ya ga bai kamata a ce yana gari bai zo ba.

Na dubi liman, ina jiran ya faɗi abin da ya faɗa mini a zaurensa, cewa mai riƙo yana da huruminsa. Bai dube ni ba. Ya gyara zaman rigarsa, ya yi gyaran murya, ya ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo mai sauƙaƙa al'amari. Ya nuna ni da hannu ya ce wa jama'a ga uban yarinya nan, kowa ya san shi ne ubanta, kuma kowa ya san a ƙasar nan uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, balle 'yar fari, kunya ba ta barinsa. Saboda haka uba zai yi mana kara ya ɗan matsa, baffa ya zo ya yi siga. Jama'a suka ɗauka da madalla, madalla. Wani tsoho daga cikin baƙin har ya ce shi ma tun ɗazu yake mamakin ganin uba a kan tabarmar.

To me zan ce? In ce ni ba ubanta ba ne, don haka ba ni da kunyar da zan ji? Ko in ce ni ne ubanta, in tashi? Duk inda na juya an tare. Na tashi. Na ɗauki takalmana a hannu na koma jikin katanga na tsaya cikin rana. Ina ji wakilin ango ya nema, ina ji mai igiyar akuya ya ce ya ba su, ina ji aka karɓa. Sanƙira kuwa da aka ce an ja wa kunne, ya miƙe ya tambayi baffan asali, ya kwarara shela da sunan mamacin, mahaifinta, da na kakanta, da unguwarsu a Gagarawa. Sunana bai fito ba ko sau ɗaya. Goron da na saya da gumina, wani ya miƙo mini guda biyu kamar baƙon da ya biyo hanya.

Da aka watse na tare liman a bakin zaure. Ko a jikinsa. Ya ce ai ya kamata in gode masa, ya kashe fitina, ya rufa mini asiri a gaban surukai. Sannan ya ce in tuna da kyau, bai saɓa alkawari ba, uba muka yi da shi zai kira ni, kuma uba ya kira ni. Wallahi da ashar ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Har ya rasu ban sake taka unguwarsa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ta huce ba.

Na zaci abin zai tsaya a ranar. Ina! Mutanen ango wanda suka gani a kan tabarma shi suka riƙe. Gaisuwar surukai Gagarawa ta fara zuwa kafin ta biyo ta kaina. In an sami saɓani tsakanin yaran, wajen baffa ake kai magana, ni sai dai in ji a bakin matata. Yarinyar ba ta canja mini ba, Allah ya yi mata albarka. Da ta ji abin da ya faru ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma mace ce a gidan wani, ba ta da ta cewa.

Da cikinta na fari ya tsufa, gidana aka kawo ta goyon ciki. Ni na sayi itacen wankan jego, ni na nemo kanwar kunu, ni na ɗinka 'yan rigunan jariri tun ba a san mace ce ko namiji ba. Ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna da safe aka taru a ƙofar gidana, a kan tabarmina. Mijin ya sunkuya ya raɗa wa mai addu'a suna, ya ce ya yi wa surukinsa takwara don ya faranta wa matarsa. Har na fara sunkuyar da kai don kunya. Da aka faɗa, sunan mamacin ne, sunan da mijin ya ji sanƙira ya kwarara a Maigatari.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma ga shi. Duk wanda ke riƙon ɗan wani, kada ya ɗauki aurensa ya gudu da shi wani gari yana zaton nisa zai ba shi abin da yake tsoron a hana shi a gida. A ƙofar gidana, cikin mutanen da suka ga ƙyandar nan da farin nan, da an sami dattijon da zai buɗe baki ya ce a bar tela ya ba da 'yarsa. A Maigatari babu wanda ya san wahalata sai mutum ɗaya, shi kuma ya zaɓi zaman lafiyar taronsa. Ku je wa dangin uba tun da wuri, ku yi maganar ido da ido, in faɗa ne a yi shi a zaure kafin ranar. Kuma in malami ya yi muku alkawari a keɓe, ku tambaye shi ko zai maimaita in mai ja ya zo, ku sa ya faɗa a gaban shaidu.

Yaron nan ya girma yana zuwa mini hutu. Uwarsa ba ta iya kama sunansa, tun da na mahaifinta ne, sai take ce masa Baba. Shekaru da yawa, in ta zo gida ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce Baba, sai in tsayar da keke in amsa. Sai in ji ƙafar yaron ta wuce ni da gudu, ta ce, cikin jin nauyi, ba da ni take ba.