Sha Abinka

'Yar gwaggona ce, kuma ni kaɗai nake da lasisin tsokanarta, don haka ni zan ba ku labarinta. Sifeto muke ce mata a gida tun tana ƙarama, saboda ko allura ce ta ɓata sai ta kafa kotu. Tsawonta bai wuce na tsintsiyarta ba, amma in ta ƙwala kira daga bakin famfo, unguwa uku ke amsawa. Aikinta shara a makarantar firamare: aji goma sha biyu, ofishin hedimasta, da bayan banɗaki.

A bayan banɗakin nan take tsintar kwalaben maganin tari, wata rana uku, wata rana goma. Samari ne ke zama ta wajen katanga, su shanye su wurgo ciki. Sifeto ta san kwalbar nan fiye da fuskata. Autansu yana aji biyar aka fara miƙa masa ita, aka ce ai zaƙi ne kawai. Yau shekararsa ashirin da biyu, maɓallin rigarsa ma sai an saka masa. A nan kam ba wasa nake ba.

Hedimasta ya yi nasa ƙoƙarin. Ya sa aka rubuta a bango da jan fenti: KU GUJI SHAYE-SHAYE. Malamai suka biya wa yara har suka haddace. Da aka tashi hutun tara, 'yan aji ɗaya suka ƙi shan ruwa. Wata ma ta kawo ƙarar kakarta, wai ta kama ta da shaye-shaye, shayi da safe, shayi da yamma. Ni dai na yi dariya har haƙarƙarina ya nemi hutu. Sifeto ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce an ba yara kalma, an ɓoye musu abin.

Sai ta wanke kwalabe shida, ta zura su a igiya, ta rataya a wuya kamar sarƙa. Kullum da tara sai ta kifa bokitinta ta zauna, yara su kewaye ta, ta bar su su taɓa, su ga launin, su gane murfin. Ta koya musu cewa magani daga hannun iyaye ko na likita kaɗai ake karɓa. In wani ya miƙo, ko yana dariya, ko ɗan layinku ne, amsarsa kalma biyu ce: "Sha abinka." Daga nan ka ruga ka gaya wa babba.

Kafin mako ya zagayo, maganar ta cika gari. Ni da kaina na miƙa wa ɗiyarta lemon kwalba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in sha abina. Ni, kawunta guda.

Hedimasta ya kira ta ofis. Ya ce masu duba makarantu na tafe, kuma kwalaben wuyanta sun mai da masa makaranta kamar mashaya. Ya ce ita ba malama ba ce, ba ta da takarda, ta cire su ko ta ajiye tsintsiya ranar Juma'a. Tsintsiyar nan ita ke ciyar da ita da ɗiyarta da autan. Na ba ta shawara irin ta masu hankali, wato ta matsorata: ta cire, in baƙi sun tafi ta mayar.

"Kai da ka tsere daga aji huɗu ta taga," in ji ta, "yau kai ne mai ba da shawara a kan makaranta?"

Ranar Alhamis aka yi taron iyaye, na je a madadin marigayi mijinta. Ana tsakar maganar gyaran kujeru ta shigo da buhu ta juye a kan tebur. Ni na ce kwalba dubu ce. Ita ta ce ɗari da arba'in da bakwai, na zango ɗaya.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne ba ni da takarda. Amma waɗannan ba daga gidanmu na kwaso su ba, taku goma ne daga tagar aji biyu. Sarƙata ba zan cire ba. Ga tsintsiyarka."

Ta ɗora ta a kan kwalaben. Wata kwalba ta gangara ƙarƙashin benci. Sai wata mai ɗinki ta miƙe ta ce shekaranjiya wani ya miƙo wa ɗanta irin wannan ta ramin katanga, yaron ya ce masa ya sha abinsa, ya rugo gida ba takalmi. Ta tako ta ɗauki tsintsiyar ta damƙa wa Sifeto a hannu, ta koma ta zauna tana kallon hedimasta. Sauran iyayen ma shi suke kallo.

Ya gyara murya, ya gyara tabarau, ya ce dama shi nufinsa a rage kwalaben zuwa uku.

Washegari wani uba magini ya toshe ramin katangar. Sifeto kuwa ta ƙara kwalba biyu a igiyar, suka zama takwas. Yanzu tun daga bakin ƙofa ake jin tahowarta.