Zaren da Ka Bari da Fensir

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Satumba, ina tsaye a ɗakin jarrabawa ina sa wa ɗalibai ido, aka leƙo aka ce mini Baba Ƙarami ya cika. Shekarunka saba'in da takwas. Kai da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma da ya rasu kai ka tsaya mana. Amma tunda ba ka yarda a rubuta abin da ba shi ba, bari in fara da gaskiya: shekara goma sha ɗaya na yi ina zarginka.

Tun da ka bar aikin gidan waya ka ɗora wa kanka neman asalin gidanmu. Kullum ka saɓa jakar nan mai tsinkakken hannu, yau kana ma'ajiyar tsofaffin takardu, gobe kana kotu, jibi kana ofishin filaye kana shaƙar ƙura. Kai ka nemo wa maƙwabciyarka hoton mahaifinta, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, a cikin fayil ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Kai kuma ka tono takardar haihuwar Gwaggo, ka ƙara mata shekara huɗu a kan waɗanda take faɗa, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarka.

Kana da doka guda. A babbar takardar da ka shimfiɗa a teburin falo, ka danne kusurwoyinta da kofuna, duk zaren da ya haɗa ɗa da uba, in ka sami hujja a rubuce, da tawada kake jan sa, ka sa lambar takardar a gefe. In kuwa an ce ne kawai, sai ka ja da fensir. A can sama akwai Maƙeri, kakanku, wanda daga gare shi gidan ya yaɗu. 'Ya'yansa maza huɗu. Uku da tawada, har da mahaifinka. Na huɗun, Dogo, kakana, da fensir.

Na tambaye ka dalili, ka ce ana nan ana nema, ka kawar da kai. Baba, aikina ke nan. Na san fuskar ɗalibin da ya ɓoye takarda a cikin safa, kuma ita na gani a ranar. Na kuma lura da wani koren fayil da kake kullewa a durowa, makullin na aljihunka. Ni kuwa na san abin da mahaifina ya tafi da shi kabari. Yana saurayi wata tsohuwa ta taɓa cewa a gaban mutane tsayin Dogo ba na gidan nan ba ne. Aka yi dariya aka watse, shi bai taɓa mantawa ba. To ga shi za a buga takardar nan a raba wa kowane gida a dangi, 'ya'yana su buɗe su ga kowa da tawada, mu kaɗai da abin da ake gogewa.

Shekara uku da suka wuce sai ka canza salo. Ka shiga bin tsofaffi kana tambayar sunayen mata: wace ce uwar wane, 'yar wane gida ce. Nan zargina ya yi ƙafa. Na ce shi ke nan, abin kunya yake haƙa, so yake ya nuna uwar Dogo da yatsa. Na ɗauke ƙafa daga gidanka. Da aka yi mini aiki a asibiti ka zo ka wuni a kan benci da ledar lemo a cinyarka, ni kuwa ina kwance ina raya cewa nau'in jinina ka zo tambayar likita. Har wannan na zarge ka da shi, kuma yau ina jin kunyarsa.

Kwana huɗu da rasuwarka Inna, matarka, ta kira ni ɗaki ta damƙa mini makullin. Ta ce, “Cewa ya yi ke za ki fara gani kafin a buga, don ke ce ba kya yarda sai kin duba da idonki.”

Na buɗe durowar. Sabuwar takarda ce ka zana. Kowane namiji ga sunan matarsa a gefensa, kowane ɗa zarensa na saukowa daga uwa da uba. Na bi da yatsa na nemo Dogo. Zarensa da tawada yake, amma ba daga Maƙeri ya fito ba, daga matarsa ya fito ita kaɗai. A gefe ka rubuta kalma ɗaya, nono, da lambar takarda.

A cikin koren fayil ɗin shafi biyu ne da aka kwafo daga rajistar asibiti ta shekarar annoba. Na farko ka same shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ga kwanan watan da hannunka: jariri ɗan wata biyu, uwa da uba sun rasu, ga sunayensu, an miƙa shi ga matar wani maƙeri. Na biyun bara ka samo shi. An dawo da yaron awo bayan wata shida, ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa yana da lafiya, matar tana shayar da shi tare da ɗanta. Ɗan nan nata shi ne mahaifinka.

Ka san halina, ko a nan ban tsaya ba. Na ce mai tausayi yana iya ƙaga takarda. Washegari na tafi ma'ajiyar, na ba da lambar, aka fito mini da littafin, bangonsa duk asu ya ci. Shafukan na nan yadda ka kwafa, ba ƙari ba ragi. Mai kula da ɗakin ya nuna mini kujerarka a bakin taga, ya ce shekara goma kana neman shafi na biyun nan, don an ɗinke shi cikin littafin wata shekara dabam. Ya ce ranar da ka gan shi cire tabarau ka yi, ka daɗe ba ka mayar ba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini zafi. Tsohuwar nan ba ƙarya ta yi ba, ba jinin Maƙeri ne a jikina ba. Ka ƙi ja mana zaren ƙarya, ka kuma ƙi barin mu da fensir, sai ka zauna kana neman na gaskiya, ni ina gefe ina harararka.

Abu ɗaya ya rage mini, na koma wurin Inna na tambaye ta me ya kai ka neman sunayen matan dangi kaf, alhali na mace ɗaya kake bukata. Ta dube ni ta ce, “Cewa ya yi in zare ɗaya kaɗai ya fito daga mace, idon kowa can zai tafi.”

Na koma na ƙirga. Mata sittin da huɗu, Baba. Shekara uku, da ciwon gwiwarka, kana hawa motar haya kana bin tsofaffi, don kada 'ya'yana su zama abin kallo a takarda. Na kai ta a buga yadda ka bar ta, ban taɓa ko ɗigo ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka, da Gwaggo, da dangi baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar tonon asiri kamar yadda ka rufa mana. Allah Ya jiƙan mahaifina, da Dogo, da iyayen da suka haife shi, da baiwar Allahn da ta raba nononta biyu. Ni kuwa ban zo na nemi gafararka kana da rai ba. Inna ta ce tuni ka yafe, kuma wannan karon na yarda ban duba ba.